Mako na shida: kwalin da ya lotse a hanyar Yamai

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Makon nan na sha kunya, bari in ba ku labarin tun da zafinsa.

Yayata tana haɗa humra a unguwar Zariya, ni nake yi mata kwalayen kwalabe. Aka aiko daga Yamai ana son kwalba 24. Na yi wa kowace gidanta, na yi babban da zai haɗiye su duka. A tasha aka ɗora masa buhu. Ko da kaya suka isa, ya lotse kamar an zauna a kansa, kwalba uku sun fashe. Na so in ɗora wa yaron mota laifi, sai da aka turo hoto na ga aikin hannuna ne.

A bakinmu duka kwali ne, amma iri biyu ne. Ku yaga kwalin sukari mai ƙwaya ko na man goge baki: falle ɗaya ne, takarda ce mai kauri. Yana karɓar rubutu da launi, yana naɗuwa tsaf, shi ya sa ya dace da gidan kwalba ɗaya. Ɗaukar nauyi kam ba aikinsa ba ne.

Yanzu ku duba bakin kwalin taliya. Falle biyu ne, tsakaninsu akwai takarda mai tudu da kwari kamar kwanon rufi, an manne su da sitaci. Ni "mai ciki" nake ce masa. Na auna nawa da rula, kaurinsa wajen milimita 4. Na firji kuwa falle biyar ne idan an ƙirga har da cikinsa guda biyu. An fara lanƙwasa takarda haka a Ingila a 1856 don cikin huluna, sai a 1871 Albert Jones na birnin New York ya yi rajistarta don naɗe kwalabe da gilashin fitila. Ashe tun asali don irin kayan Yaya aka yi shi.

To ina na kuskure? Ramukan nan dole su kasance a tsaye a jikin bangon kwali, kamar karan dawa a danga. Ni kuwa don tsimi, kada guntu ya rage, na juya su a kwance. Jiya na yanka guda biyu da faɗin tafin hannu, na naɗe kowane kamar ƙaramin ɗaki. Mai ramuka a tsaye na ɗora masa bulo, ko gezau. Ɗayan da na danna da hannu kawai ya durƙusa. Ku gwada da kanku, minti biyar ne.

Wajen naɗi ma na daina tsaga shi da reza. Bayan cokali nake ja a kan layin, ciki ya kwanta, fallen waje bai yage ba.

Sai damina. Wasu da na sayo a Babbar Kasuwa sun kwana a ƙasa, sun sha raɓa, a ido lafiya lau, a hannu laushi kamar masa. Yanzu kan katako nake jera su.

Yaya ta yafe kuɗin kwalba ɗaya, biyu na kaina. Ranar Juma'a wasu kayan za su tashi, wannan karon da kwali mai falle biyar, kuma ni da kaina zan tsaya a tasha har a ɗaure.