Tarihin Rayuwar Tsohon Masallacin Dandaji (Kashi na Uku): Da Aka Daina Yaɓe

A makon jiya mun tsaya kan Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda ya aza harsashin masallacin Jumma'ar garinsu a 1962, ya yi ta ƙara masa ado da hasumiyoyi har 1982, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tsohon masallacin Dandaji, wani gari a wannan jihar, shi ma daga hannunsa ya fito. Yau za mu shiga shekarun da ginin ya kwanta ciwo.

Ruwa ne ajalin ginin ƙasa, kuma daga indararo yakan soma. Da zarar indararon ya tsage, ko ganye da sheƙar tsuntsu sun toshe shi, sai ruwa ya kwanta bisa soro. Ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta sha danshi, gara ta samu hanya. Daga ciki ba ka ganin komai sai wani baƙin tabo a kusurwa da ɗan garin itace da ke zubowa bisa tabarma. Kafin mai shara ya ankara, azarar ta zama holoƙo.

Sai gindin bango. Ruwan da ke faɗowa daga sama yana fantsama, na ƙasa kuma yana hawa da gishirinsa, su haɗu su ƙwaƙule kamar kamu biyu daga ƙasa. Bango ya tsaya da ƙaton kai da siririyar ƙafa.

Maganin duk wannan sananne ne: yaɓe kafin damina. A kwaɓa laka da ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin shanu, a bar ta kwanaki ta ruɓa, in da hali a sa makuba ta ɓawon ɗorawa. A kankare abin da ya saki, a yayyafa wa bango ruwa, a shafa da hannu, kaurin bai wuce yatsa ba. In an cika kauri ya tsattsage, in bango a bushe yake ya ƙi kamawa. Amma aikin gayya ne, kuma lokacinsa ya faɗo daidai sa'ad da samarin Adar, wato yankin Tawa, suka watse cin rani, wasu Abijan, wasu Najeriya. Tsallake shekara ɗaya ba komai. Tsallake da yawa ne ke ja wa gini.

A nan ne mutane kan ruga ga siminti, wanda a ganinmu ya fi rashin yaɓen illa. Siminti ba ya numfashi, ba ya kuma motsi tare da ƙasa. Yakan yi tsagar gashi, ruwa ya shige bayansa ya rasa mafita, laka ta narke a ɓoye. Ƙwanƙwasa shi za ka ji yana amo kamar ƙwarya. Wata rana sai ya ɓantaro gaba ɗaya, har da naman bangon.

Masallacin Dandaji ya lalace, jama'a kuma sun yi masa yawa, har aka soma shawarar rushe shi a yi na kankare. Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine da ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014, wadda danginta ƴan Dandaji ne, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefe, tsohon kuma a mai da shi ɗakin karatu.

Abin da ya fi burge mu shi ne an kira maginan da suka san ginin tun asali, su suka gyara shi, aka ƙara musu dabarun ƙarfafa laka da kare bango daga zaizaya. Itacen gini ya yi wuya a Adar, don haka matakala da ɗan benen karatu da shingayen ciki da ƙarfe aka yi su. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tubalin jar ƙasa da aka matse da inji don sabon masallacin: yadda ake tankaɗe ƙasar, da dalilin da ya sa ake lulluɓe tubalin maimakon a shanya shi a rana.