Inda na kwana da difarenshal ɗin 328i

'Yan uwa masu koyo, aikin inji da kuloci ya kammala, yanzu motar tana kan jak a gareji nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, an sauke difarenshal, wato akwatin haƙoran da ke raba juyin inji ga tayoyin baya. Ga waɗanda ba su bi daga farko ba, BMW E36 ce, 328i mai giyar hannu biyar, injin M52 mai lita 2.8. Abin da ya rage shi ne wace lamba zan mayar mata a baya.

Lambar nan ba wani siddabaru ba ne. Haƙoran kurawun, babban faifai mai haƙora da ke cikin difarenshal, ake rabawa da haƙoran finiyon, ƙaramin da ke juya shi. In kurawun na da haƙora 41, finiyon na da 14, ka samu 2.93, wato sai farfela, doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ta juya kusan sau uku kafin taya ya zagayo sau ɗaya. Da 2.93 ɗin tawa ta fito daga kamfani. In lambar ta ƙaru, mota za ta fi ƙarfin fizga daga tsaye, amma kowace giya za ta ƙare da wuri, inji kuma ya riƙa kuka a doguwar hanya. Ƙarfin injin kansa ba ya ƙaruwa ko kaɗan, rabon ne kawai yake canzawa.

Uku na sa a gaba: 3.15 irin na 325i mai giyar hannu, da 3.46, da 3.91 wanda samarin wasan mota suke ta zuga ni in ɗaura. Kafin in kashe ko sisi sai na zauna da biro da takarda. Tayata 205/60 R15 ce, zagayenta kusan mita 1.97. A gudun kilomita 120 a awa, taya na juyawa kusan sau 1,015 a minti. To ga inda gizo ke saƙa: giya ta biyar a wannan giyabos na kamfanin ZF ɗaya bisa ɗaya ce, babu wata giyar hutu a samanta. Abin da difarenshal ya ce, shi inji zai yi. Da 2.93 allurar juyin inji na zama wajen 2,975 a minti. Da 3.15 ta hau 3,200, da 3.46 ta wuce 3,500 kaɗan, da 3.91 kuwa tana gab da 4,000.

Ku ɗauki wannan 4,000 ɗin ku ɗora a kan hanyar Kano, kilomita kusan 170, cikin zafin watan Afrilu, ga kuma kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a 2023. Ni ina zuwa Daura ta Mashi akai-akai, kuma motar nan ita kaɗai gare ni. Wanda zai juya mota a fili ranar Asabar ya mayar da ita gida ya rufe, 3.91 tasa ce, ƙarin kashi 33 cikin ɗari na ƙarfi a taya ba wasa ba ne. Ni dai ba ta yi mini ba.

Lissafin giya ta biyu ne ya raba gardama tsakanin sauran biyun, kuma shi ne mutane ba sa yi. Giyar 2.49 ce. In aka taka totur har juyin inji ya kai 6,500, da 2.93 tana kai ka kusan kilomita 105 a awa, da 3.15 kusan 98, da 3.46 kuwa 89 ta ƙare, dole ka nemi ta uku. Wato ƙarfin da ka saya a tashi, kana biyan wani abu daga ciki da canjin giya da wuri. Ƙarin 3.46 kashi 18 ne, na 3.15 bai kai kashi 8 ba, kuma na san wasunku za su ce wahalar sauke difarenshal ba ta kai a yi ta don kashi 8 ba. Da haƙoran kaɗai nake nema, da na yarda da ku.

Sai dai difarenshal ɗin da aka kawo mini daga Ƙofar Ruwa a Kano, ɗan Beljiyam, akwai ɗan ƙarfe siriri a jikin notin murfinsa. Na kankare baƙin man da ya daskare a kai da farce, sai ga S a gaban 3.15. A wajen BMW wannan S tana nufin mai kulle tayoyin baya, wanda ba ya barin taya ɗaya ya yi ta wulwulawa a yashi ɗayan na tsaye. A titunanmu da rairayi ke kwanciya a gefen kwalta, wannan ya fi mini kowace lamba.

Maigidana ya ce, "Kai yaro, ƙarfen nan noti ɗaya ke riƙe da shi, kowa na iya canza shi. Ƙirga."

Na ce, "To, Oga." Muka ɗora shi a benci, na sa alli a bakin da farfela ke kamawa da kuma bakin aksul, sandar da ke zuwa taya. Da na juya gefe ɗaya, ɗayan ya bi shi waje guda, alamar kullen na nan. Aksul ya zagaya sau goma, bakin farfela ya yi 31 da rabi. Lamba ta tabbata. Mun buɗe murfi, haƙora ba su da tsaga, man da ya fito kuma babu garin ƙarfe a ciki.

Wani ya tambaye ni ko maleji zai riƙa ƙarya. A E36 ba zai yi ba, domin na'urar auna gudu tana jikin murfin difarenshal, juyin da ke zuwa taya take karantawa. A motar da take aunawa daga giyabos kuwa sai an gyara.

Yanzu ina jiran sil biyu na gefe, robar da ke hana mai zuba, da man giya 75W-140, wanda mai kulle yake so. Ramukan bakin farfela sun dace da nawa, na aksul ne ban gwada ba tukuna. In sun ƙi, zan cire na tsohon in mayar a kan sabon kafin a ɗaga shi.