Inda aka kwana kan zaɓen fad ɗin birki, bayan fita uku a Donington

Salam 'yan uwa masu koyon tuƙin filin tsere. Kwana biyu kun ji ni shiru, to ga labarin fad ɗin birkin nan, wato abin da ke matse faifan birki ya tsayar da mota, tunda wasunku na shirin fitar farko kuma kun san a Ingila fam ba a ƙasa ake tsintarsa ba.

Motar dai tsohuwar Renault Clio 182 ɗin nan tawa ce ta 2004, nauyinta wajen kilo 1,100. Fitata ta farko a filin tsere na Donington Park, kusa da filin jirgin East Midlands, da fad ɗin da na sayo ta da shi na shiga, ko leƙa shi ban yi ba. Zagaye huɗu lafiya lau. A na biyar na taho a guje zan shiga Redgate, kwanar farko kenan, na taka birki ƙafata ta ji shi da tauri kamar kullum amma mota ta ƙi rage gudu, wallahi sai da na yi salati, Allah ya kiyaye ban faɗa tsakuwa ba. Da na fito ƙauri kawai ke tashi daga tayoyin gaba.

Wani dattijo da ya faka kusa da ni tambaya ɗaya ya yi min: da ka taka, tauri ya yi ko nitsewa? In da tauri kuma ba ya kamawa, fad ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka, ƙaron da ya haɗa shi ya fara ƙonewa. In kuwa ya nitse kamar ka taka soso, man birki ne ya tafasa. Cuta biyu ce, kowacce da maganinta. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata daga man birki mai lambar DOT 4 sabo shi ne digiri 230 na Celsius kafin ya tafasa, amma yana shan danshin iska, in ya sha ya tsufa sai ya sauko wajen 155. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai shanye ninki huɗu ne, shi ya sa abin da ke tsayar da kai lafiya a cikin gari yake kasawa a can.

Sai na yi wautar da nake so ku guje mata. Tsoro ya sa na je na sayi fad na masu tsere na gaske, mafi ƙarfin da na gani, wai ni maganin biri karen Maguzawa. A fili kam ya kama, har ya yi yawa, don tayoyina na titi ne, da na ɗan taka sai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara kakkarwa a ƙafata. Ashe taya ke tsayar da mota, fad ɗin da ya fi ƙarfin tayarka asarar kuɗi ne kawai. Ga shi da wannan motar nake zuwa aiki, da sassafe cikin sanyi sai ka taka ka ji kamar katako har sai ya ɗau zafi, ga ƙara kamar tsohuwar tifa, maƙwabta har leƙowa suke. Baƙar ƙura ta rufe rim, faifan birkin ma fad ɗin ya fara cinye shi. Daga baya na lura ma kwalin babu alamar R90, wadda ake nema a nan Turai ga fad ɗin hawa titi. Laifina ne, a jikin kwalin an rubuta na fili ne kawai.

Yanzu Ferodo DS2500 ne a gaba, irin na tsaka-tsaki da ke aiki da sanyi kuma ya jure zafi, baya kuwa na bar na gama-gari don a motar nan gaba ke yin kusan duk aikin. Na zubar da tsohon man birki na sa Motul RBF 600, wanda sabonsa ke haura digiri 300. Kar wani ya ga DOT 5 ya ɗauka ya fi 4, na silikon ne ba a haɗa su, 5.1 ne ɗan gidansu.

Sabon fad kuma sai an zaunar da shi. Na samu hanyar da babu kowa, daga gudun mil 60 a awa na taka da ƙarfi zuwa wajen 10 ba tare da na tsaya cak ba, sau goma a jere, sannan na yi ta tafiya a hankali har ya huce. Abin da ake so shi ne fad ya shafa siririn jikinsa a faifai daidai wa daida. In ka tsaya ƙafarka na kan birki yana da zafi, shatinsa zai zauna waje ɗaya, gobe sitiyari ya fara rawa ka ce faifai ya lanƙwashe. Haka in ka fito daga fili, zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali, kuma kar ka ja hambirki, ka bar ta a giya.

Fita ta uku na yi zagaye takwas takwas ina hutawa, birki bai canza ba tun safe har yamma. Na auna fad kafin da bayan, kuma na ƙudura ba zan shiga fili da wanda ya gaza rabi ba, don siririn fad ya fi tura zafi cikin mai. Na yi odar fentin auna zafi da ake shafawa a gefen faifai, wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan gwada shi a filin tsere na Cadwell Park, in ga ko DS2500 ɗin zai ishe ni ranar da na sa tayoyi masu kama ƙasa.