Mako na uku da sabar shagonmu: ashe ƙofa biyu ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Yau mako uku ke nan da na ɗora Ubuntu Server 24.04, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, a kan tsohuwar laftof ɗin nan mai fasasshen gilashi domin ta zama sabar, wato ma'ajiyar fayilolinmu ta tarayya, kuma alhamdu lillahi, tun Talata babu wanda ya ƙara yawo da filash tsakanin kwamfutoci ukun da muke buga takardu da su. Dama filash ɗin ne ya tunzura ni. Kwastoma zai kawo nasa da safe ɗauke da ƙwayar cuta, kafin la'asar ta gama zagaye shagon.

Girka Samba, manhajar da ke ba kwamfutocin Windows damar shiga foldar da ke kan Linux, ko minti biyar bai ci ba, sudo apt install samba kawai. Na buɗe fayil ɗin saitinta, /etc/samba/smb.conf, na ƙara sashe a can ƙasa mai suna aiki, na nuna masa foldar da za a raba, sannan testparm ya tabbatar mini babu kuskuren rubutu.

Daga nan ne na sha wuya, dare biyu cur. Da farko Windows ta ƙi karɓar kalmar sirrina, alhali da ita nake shiga sabar kullum. Ashe Samba tana da nata kundin daban. Sai mutum yana da suna a Linux tukuna, sannan ka yi masa rajista da smbpasswd -a. Na yi, folda ta buɗe, na yi murna. Ƙanena ya gama buga takardar wani ɗalibi, ya zo ajiyewa, aka ce ba shi da izini. Na duba read only = no, layin da ke ba da damar ajiya a smb.conf, ya fi sau goma, yana nan daram.

Ku ɗauke shi kamar gidanmu na gargajiya. Samba zaure ce, ita ke tantance wanda zai shigo. Amma kowane ɗaki a cikin gida da nasa kwaɗon, kuma makullin yana hannun Linux. Ni da sudo na ƙirƙiri foldar, don haka ta zama mallakin root, wato babban mai iko a Linux, sauran mutane sai dai kallo. Da na buga ls -l na ga sunan root sau biyu a jere, nan na gane. Na buɗe rukuni ɗaya na zuba mu uku a ciki, na miƙa masa foldar da chown, na sa chmod 2770. Wannan 2 ta farkon kada ku raina ta, ita ke sa duk sabon fayil ya gaji rukunin foldar. Na ƙara create mask = 0660 a smb.conf domin abin da ɗaya ya ajiye ɗaya ya iya gyarawa.

Wani abokina ya ce in kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli ta Windows, don tsohuwar kwamfutarsa mai Windows XP ta riƙa shiga. Na ba shi haƙuri. Ta wannan hanyar ƙwayar cutar WannaCry ta yi ɓarna a duniya a 2017, kuma Samba kanta a rufe take kawo ta tun fitowar 4.11 a 2019. Takardun mutane amana ce a hannuna.

Laftof ta yi mini rana wajen wuta, domin ko an ɗauke, batirinta na riƙe ta har a tada janareto. Sai dai da zarar an rufe murfinta take yin barci, sai da na sa HandleLidSwitch=ignore a /etc/systemd/logind.conf. Rauta kuwa, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, duk sanda ta mutu ta farfaɗo tana iya ba sabar wata lambar adireshi (IP) daban, shi ya sa na kafe wa sabar guda ɗaya ta netplan, wurin saita hanyar sadarwa a Ubuntu.

Abin da ke hana ni sakin jiki yanzu shi ne komai yana kan faifai ɗaya, tsoho kuma. Ranar Asabar in sha Allahu zan sayo na waje, in gwada rsync mai kwafar fayiloli da cron mai tsara lokaci su riƙa kwafewa kowane dare bayan mun rufe shago.