Farar kirinjijiyar da na gani a fadamar Nguru

Tun ina yaro nake son tsuntsayen ruwa, kuma duk shekara idan sanyi ya shigo sai na nemi kwana biyu uku na tafi wajen Nguru, don a lokacin ne fadamar Haɗeja zuwa Nguru take cika da agwagin daji, namu na gida da kuma baƙin da suke tsallako Sahara daga Turai da Rasha suna gudun ƙanƙara. To bana Allah ya nuna min abin da ban taɓa gani ba.

Da sassafe ne, hazo bai gama washewa ba, muna cikin kwalekwale ni da wani dattijo masunci da yake kai ni duk zuwan da na yi. Muka zagaya bayan wata kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, sai ga garken kirinjijiya, wata irin agwagwar daji, a bakin ruwa suna ta wannan fito nasu mai gaɓa uku. Wanda ya san kirinjijiya ya san kamarta, farar fuska, baƙin ƙeya, ƙirji jaja-jaja kamar jan ƙasa, haƙarƙari da zane-zane. Amma a tsakiyarsu akwai guda ɗaya da bayanta da rabin fukafukinta fari ne fat kamar an watsa mata farar ƙasa, ƙirjin ma ya koɗe ya koma ruwan madara. Wallahi sai da gabana ya faɗi don murna.

Na ce Baba tsaya, don Allah kar ka motsa. Ya leƙa ya ce ɗan nan ai zabiya ce, su ma tsuntsaye suna da zabiya. Na ɗaga madubin hangen nesa na ƙura mata ido sosai, idonta baƙi ne wuluk irin na 'yan uwanta, bakinta da ƙafafunta ma ba su sauya ba. Nan ne bambancin yake. Zabiyar gaske jikinta baya yin sinadarin melanin kwata-kwata, shi ne ke ba gashi da fata da ido duhu, shi ya sa idonta ke zama ja-ja ko ruwan hoda, kuma ganinta baya da ƙarfi, da wuya ta yi tsawon rai a daji. Ita kuwa wannan jikinta na yin sinadarin, gashin wasu wurare ne kawai bai samu ba, masana tsuntsaye suna ce masa liyusizim. Wani tsuntsun gashi ɗaya biyu ne ke fari, wani kuma duk jikin. Akwai ma kishiyarsa inda melanin ke yin yawa tsuntsu ya fito baƙi ƙirin.

Na san wani zai ce ai agwagwar gida ce ta gudu ta bi na daji. A'a. Agwagwarmu ta gida asalinta daga Kudancin Amurka take, ƙatuwa ce mai jan tsiro a fuska, ba ta da dogon wuya da tsayuwar nan ta kirinjijiya, kuma ba ta yin fito irin nasu. Abin sha'awa ma kakanninta na daji baƙaƙe ne masu sheƙin kore da ɗan fari a fukafuki, mutane ne suka yi ta kiwon masu fari har farin ya yawaita a gidajenmu. A gida fari ba ya cutar da ita tunda akwai mai ba ta dusa ya kulle ta da dare.

A daji kuwa ba haka ba ne, kuma wannan ne ya hana ni barci daren ranar. Launin ƙasa-ƙasan nan shi ne rigar ɓuyansu cikin ciyawa da laka, ita ko daga nesa ake hango ta, shaho zai fara ganinta, maharbi ma ita zai fara saitawa. Sannan melanin yana ƙara wa gashi ƙwari, farin gashi ya fi saurin zaizayewa da karyewa. Ga fadamar kanta ba kamar da ba, tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa ambaliyar da ke shayar da ita ta ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Duk da haka ga ta nan babba, ta ƙoshi, tana gyaran gashi ita da wata ta kusa da ita suna sosa wa juna kai yadda kirinjijiya suka saba, ba wadda ta tsangwame ta.

Na roƙi Baba na ce don girman Allah kar ka ba maharba labarin inda take. Ya yi shiru yana tura gora, can ya ce ɗana ni kifi nake nema, bakina ba zai faɗa ba. Muna cikin haka wata dinya, ƙatuwar agwagwar daji, ta tashi da ƙarfi daga gefe, garken duka ya ɗaga sama yana fito, ita kaɗai nake iya bi da ido har suka sauka can bayan gonakin shinkafa.