Abin da bin amalanken shara ke koya wa ɗalibin ilimin zamantakewa

Ra'ayin da ke danganta danniyar da ake yi wa mata da ɓarnar muhalli ya samu sunansa, wato ecofeminism, a 1974, daga bakin marubuciyar Faransa, Françoise d'Eaubonne. Amma aikin ya girmi sunan, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe: su haddace ra'ayi, su manta da yadda ake tabbatar da shi.

A dubi Jane Addams, wadda ta buɗe gidan taimakon jama'a mai suna Hull House a unguwar talakawa baƙin haure a birnin Chicago na Amurka a 1889. Shara ta cika lungunan unguwar, yara na wasa a kanta, mace-mace sun yi yawa. Mata 12 daga ƙungiyar gidan suka raba lungunan a tsakaninsu, suna zagayawa da yamma sau uku a mako. Cikin wata biyu suka kai wa hukumar lafiya rahoton saɓa doka har 1,037. A 1895 aka naɗa Addams mai duba shara ta mazaɓa ta 19. Tun ƙarfe shida na safe take bin amalanken kwasar shara har juji, ta matsa wa ɗan kwangila ya ƙara su daga tara zuwa 13, daga baya 17. A wani lungu ma sai da aka tono datti mai zurfin inci 18 kafin a tarar da daɓen titin da aka manta da shi.

Tsarin a fili yake: a zaɓi yanki ƙarami, a shiga gida-gida, a rubuta kwanan wata da wuri, a kai wa mai alhaki, a koma a duba ko an gyara. Matakin ƙarshen nan shi aka fi tsallakewa, shi ya sa rahotanni ke mutuwa a kan teburi.

Kuskure mafi girma kuwa shi ne cewa mace ta fi kusa da ƙasa saboda halittarta. Bina Agarwal, masaniyar tattalin arziki 'yar Indiya, ta soki wannan a 1992, kuma tana da gaskiya. Rabon aiki da mallaka ne tushen alaƙar mace da muhalli, ba halitta ba. Don haka mai bincike ya tambayi wa ke ɗibar ruwa, awa nawa ake ɓatawa wajen neman itace, da sunan wa aka rubuta gonar. Kuma ya tambayi matar ita kaɗai, domin idan maigida na zaune, shi zai amsa.