Wata uku ina neman farashin bindiga a litattafan York Factory

Aikin da malamata ta ɗora mini a shekarata ta farko a Winnipeg ta ƙasar Kanada, a baki ba shi da wuya. In je ma'ajiyar tarihi ta lardin Manitoba, inda ake adana takardun kamfanin Hudson's Bay tun da aka kwaso su daga Landan a 1974, in fito da jadawalin farashin kayan da mutanen Cree, 'yan asalin ƙasar, suke saye a York Factory daga 1720 zuwa 1760. Na tashi a rumfar hatsi a Dawanau, ina riƙe wa Baba littafin bashi tun ina firamare, don haka na ɗibar wa aikin mako biyu. Sai da ya ci mini wata uku.

York Factory zango ne na kamfanin a bakin kogin Hayes, inda yake zuba ruwansa cikin tekun Hudson. Su Cree suna ce masa Kihci-waskahikan, wato babban gida. Jirgi ɗaya ke zuwa daga Ingila a shekara, ƙarshen lokacin zafi, ya sauke bindigogi da albarushi da barguna da tukwanen tagulla da taba, ya kwashi fatu ya juya kafin ruwa ya daskare. Kafin zuwansa, tun watan Yuni da Yuli, ayarin kwalekwale na ɓawon itace suke gangarowa daga cikin ƙasa, wasu bayan tafiyar makonni, cike da fatun da aka tara a hunturu. Fatar da aka fi nema ita ce ta biba, wata dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya da ke datse rafi da itatuwa. Da lallausan gashinta na ciki ake yin manyan hulunan da Turawa suka yi yayi a lokacin.

Babu kuɗin ƙarfe a wannan ciniki. Ma'auninsu shi ne cikakkiyar fatar biba ta hunturu, a litattafan ana taƙaita ta da haruffa MB. Bindiga guda MB 14, bargo 7, gatari 1. Sauran fatu ma da ita ake ƙiyasta su: fatun matin uku, wata 'yar dabba mai kama da tunku, su ne MB ɗaya. Wannan bai yi mini baƙo ba. Kakanninmu da kuɗin wuri suke lissafi, har Barth ya tarar a Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya, kuma sau da yawa kaya ne ke canza hannu, wurin a baki kawai yake.

Na zauna gaban na'urar karanta hotunan takardu, na bi littattafan lissafin zangon, jerin B.239/d, shekara bayan shekara, ina kwafe lambobi. Bindiga 14. Shekara ta gaba, 14. Bayan shekara goma, 14. Da na zana su sai layin ya fito miƙaƙƙe kamar zaren magini. A ɗaya gefen kuma na san farashin fatar a gwanjon Landan ya tashi daga wajen sule 5 a farkon lokacin zuwa sama da sule 12 a ƙarshensa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta shafi huɗu ina cewa an yi shekara arba'in ana cutar mutanen da ba su san darajar abin hannunsu ba. Na yarda da kowace kalma a ciki.

A wayar ƙarshen mako na ba Baba labari, ina ta zuba. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "To, ɗan nan, wa ke riƙe da mudun?"

Na ce, "Baba, ai farashin a rubuce yake."

Ya ce, "Na ji. Ko a nan sai ka ji kuɗin tiya ɗaya a layi guda, amma wani ya danna, wani ya share kai, wani ya yi maka gyara. Je ka duba yadda suke awo."

Washegari na koma, wannan karon na wuce shafin farashi na je ƙarshen kowane littafi, inda akawu yake rufe lissafin shekara. Nan na ga abin da na yi makonni ina tsallakewa. Akawun yana tara darajar fatun da suka shigo, ya cire darajar kayan da suka fita bisa farashin hukuma, sai a samu rara, kuma a fili yake rubuta ta. Rarar nan daga taga take fitowa, domin ta wata 'yar taga ake miƙa kaya. A tauye awon albarushi, a rage tsawon yadi, a tsarma barasa da ruwa, ko a ce wa mai fata tasa ba ta cika ba, sai biyu a bakin ɗaya. Farashin da aka rubuta don shugabannin Landan ne, su riƙa bin sawun wakilansu. Wanda aka yi ciniki a kansa yana motsi kowace shekara, kuma girman rarar ne ke nuna shi. Daga baya na gane masanin tarihi Arthur Ray ya daɗe da bin wannan hanya, amma da na gano ta da idona sai ta zauna mini daram.

Da na sake zana jadawalin da rarar a ciki, layin ya fara magana. A shekarun 1730 La Vérendrye da 'yan kasuwar Faransa daga Montreal suka kafa zangunansu a cikin ƙasa, a kan hanyar da ayarin ke bi. Daga nan abin da mai fata ke samu a York Factory ya fara hawa, kuɗin kyaututtuka kuma ya kumbura. A Albany, wani zangon kamfanin can kudu inda Faransawa suka fi kusa, har farashin hukumar ma ya fi sauƙi: bargo 6, bindiga tsakanin 10 da 12. Mutanen da na ce ba su san darajar kayansu ba, ashe sun san inda kasuwa biyu take, suna kuma taya wannan da wancan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake buɗe cinikin. Kowane ayari yana da jagora, ni dai madugu nake ce masa, don ban sami kalmar da ta fi dacewa ba. Idan suka iso sai a harba bindiga daga ɓangarorin biyu, a shigo da madugu a sa masa kwat da hula, a zagaya da lofe ana busawa, ya miƙa gaisuwarsa ta fatu, a mayar masa da tasa. Sai bayan haka ake zancen saye da sayarwa. James Isham, wanda ya shugabanci zangon, ya rubuta irin jawabin da madugu ke yi a wajajen 1743. Yana neman a cika awo, kada yaran kamfani su sa yatsa cikin bakin ma'auni. Yana son baƙar taba mai danshi, murɗaɗɗiya da kyau, da bindiga marar nauyi wadda kunamarta ba za ta daskare a sanyi ba. Yana kuma tuna wa mai gida cewa Faransawa sun aiko kiransu, su ne suka ƙi zuwa. Duk wanda ya taɓa ce wa mai saye "albarka" ya san wannan salon. Wasiƙun wakilai zuwa Landan ma cike suke da kukan cewa an ƙi karɓar gatura da wuƙaƙe masu tsagewa a sanyi, kuma kamfanin ya riƙa sauya kayansa saboda haka. Tabar Burazil suke so, ita aka riƙa nemo musu.

Da yawa daga cikin masu gangarowa, Cree da Assiniboine, ba ma su suka kama dabbobin ba. Fatake ne. Su sayi bindiga, su yi amfani da ita, sannan su sayar wa al'ummomin da ke can nesa da riba ninki-ba-ninki. Shi ya sa a 1754 kamfanin ya tura Anthony Henday cikin ƙasa ya jawo mutanen filayen yamma su zo da kansu. Shugabansu ya ce masa samarinsa mahaya dawaki ne, ba su san kwalekwale ba, kuma ga bauna nan ta ishe su. Wannan amsa ta gyara mini wani kuskuren. Na ɗauka fata ce sana'ar mutanen nan, alhali abincinsu daga farauta da kamun kifi yake zuwa, fatar kuwa hanyar samun ƙarfe ce da tufa da taba. Hasali ma zangon ne ya dogara da su. Cree na bakin teku su ke harbo dinya a lokacin ƙaurarta, a zuba mata gishiri a ganguna, da ita ma'aikatan kamfani suke tsallake hunturu.

Ban goge shafukan nan huɗu gaba ɗaya ba, domin akwai gaskiya a cikinsu. Tauye mudu cuta ce ko da wanda aka tauye wa ya sani. Barasa ta yi ɓarna, gasar kamfanoni ta sa biba ta ragu a wurare da dama, cutar agana ta 1781 zuwa 1782 ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, cikinsu har da fataken da suka riƙe hanyar. Da aka haɗe Hudson's Bay da abokin hamayyarsa North West a 1821, mai fata ya wayi gari da mai saye ɗaya a mafi yawan ƙasar, ƙarfin tayin da na gani a lambobin 1740 ya ragu sosai.

Jadawalin da na miƙa wa malamata yana da layi huɗu: farashin hukuma, rara, kyaututtuka, sai na huɗu. Kowace fatar da aka ƙirga MB ɗaya, mace ce galibi ta kankare ta, ta ɗaure ta a kan ƙawanyar itace har ta bushe. Mata ne ke ɗinka takalman fata, su saƙa ragar takalmin tafiya kan dusar ƙanƙara, su ɗinke ɓawon kwalekwale da saiwar itace. Na nemi ladan wannan aiki a shafukan farashi ban same shi ba. Malama ta tambaye ni me ya sa layi na huɗu babu lamba ko ɗaya. Na ce mata, "Malama, na matan ne, ina so duk wanda ya buɗe jadawalin ya ga gurbin." Ta ce in bar shi, in koma kan littattafan yau da kullum na zangon, jerin B.239/a, in fara tattara duk inda aka ambaci aikinsu. A kansu nake yanzu, na kai 1731.